Shekarar da Na Ɓoye Luba

Sau da yawa idan an taru a gidan nan da salla ko suna, ina jin ku kuna gaya wa 'ya'yanku cewa kakansu ya yi digirinsa na uku a kan ciwon sikila ne saboda son da yake yi wa yayarku Luba. Ban taɓa gyara muku ba. Nakan yi murmushi in shiga wata hirar. Yanzu da na ajiye aiki, ƙafa ta yi nauyi, ido ya soma gajiya da karatu, ba na so ku ci gaba da yabona a kan abin da ban yi ba. Ke Hadiza kina goye a shekarar, kai Aminu ba ka daɗe da shiga firamare ba, saboda haka ba laifinku ba ne. Innarku ta san komai, kuma ita ce ta ce in zauna in rubuta tun ina iya riƙe biro.

Gaskiya ne ciwon Luba ne ya fara kai ni ga karanta abin da aka rubuta a kan sikila. Amma kafin a je ko'ina abin ya zama aiki, ni kuma na ji daɗin aikin. Abin da na sa a gaba shi ne tarihin yadda mutanen Sakkwato suka fahimci wannan ciwo tun kafin ya sami sunan da muke kiransa da shi yau. Na buɗe littattafan magani na ajami da kakanmu ya bari, na ga inda ake maganar amosanin ƙashi da sanyin da ke kama yara. Na yi watanni a ɗakin ajiyar tsoffin takardu a Kaduna ina karanta rahotannin likitocin Turawa, inda suke ambaton jarirai masu kumburin yatsu da rawayar ido, sannan su jefa su cikin lissafin masu zazzaɓi. Na zauna da wanzamai da ungozomai da masu sayar da saiwa a kasuwa. Babi na ƙarshe shi ne zai yi magana a kan masu ciwon da iyayensu, yadda suka daina jiran a yi musu suka fara nema da kansu. Wannan babin ne ya kai ni zauren Hajiya Kulu.

Hajiya Kulu mai sayar da atamfa da shadda ce, gidanta yana Ƙofar Marke. Ta haifi takwas, huɗu da sikila, ta binne uku daga cikinsu. Ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai iya riƙe taro kamarta ba. Kowace Alhamis bayan la'asar iyaye sukan cika zaurenta, yawanci mata, sai maza ƙalilan, akwai wani tela da wani ɗan kabu-kabu da ba sa fashi. Suna koya wa juna yadda ake tsare yaro daga sanyi, da yawan ba shi ruwa, da ranar da ma'aikaciyar jinya mai haƙuri take aiki. Abu uku suke nema. A ware wa 'ya'yansu rana a asibiti. A daina yi wa samarinsu kallon 'yan ƙwaya idan azaba ta sa sun roƙi allura. Limamai kuma su riƙa tambayar takardar gwajin jini kafin su ɗaura aure. Na gabatar da kaina a matsayin malamin tarihi daga jami'a, suka ba ni kujera kusa da ƙofa. Kusan shekara guda ina zuwa da rakoda da littafi. Mata suna kuka a gabana suna ba ni labarin yaran da suka rasa, ni ina canja kaset. Ko sau ɗaya ban ce musu ina da irin wannan yarinya a gida ba.

Kun san gidanmu na Ƙofar Taramniya, amma ba ku san shi a yadda yake lokacin ba. Tun rasuwar mahaifinmu, bappanku Yaya Buhari ne babba, shi ke ba da karatu a zaure, maganarsa kuma ita ce magana. Ranar da likita ya tabbatar mana da ciwon Luba tana 'yar shekara uku, Yaya ya kira ni ya ce a gidan nan sunan ciwon sanyi ne, kada ya ji wani suna daban. Ba mugunta ba ce. Yana son Luba, shi ke zuwa ya yi mata tofi da kansa idan ciwon ya tashi. Tsoronsa 'yan matan gidan ne, kada a ce jininmu yana da cuta a guje su. Na yarda da shi ba tare da gardama ba. Wani abokina likita ne yake duba ta a ƙaramin asibitinsa da sassafe, kafin mutane su taru.

A wannan shekarar Luba tana da goma sha huɗu, amma wanda bai sani ba zai ce goma. Siririya ce, ga baki, ba ta barin magana ta wuce ba ta tanka ba. Da yake tana yawan fashin makaranta, sai na fara ba ta kaset ɗin hirarrakin da na ɗauko tana saurare tana kwafe mini a takarda, don ta sami abin yi. Har yau ina mamakin yadda ban yi tunanin abin da nake saka mata a kunne ba. Ta san sunan ciwonta, don an faɗa a gabanta. Abin da ba ta sani ba shi ne akwai wasu irinta da yawa a cikin garin nan, kuma suna haɗuwa. Wata rana da hantsi na same ta a ɗakin karatuna ta tsayar da rakoda.

Ta ce, "Baba, wagga yarinya da innatta ka hwaɗi, wadda ƙahwatta ka ciwo in hadari ya taso, tana nan da rai?"

Na ce tana nan.

"Shekarunta nawa?"

Na ce za su yi sa'a. Ta ce tana so ta gan ta. Na ce wata rana, na ɗauki takardun na fita.

Ba a yi wata guda ba asirina ya tonu. Mun fito daga wurin likita, na tsaya a unguwar Gidan Igwai in saya mata ƙosai, sai ga Hajiya Kulu ta sauko daga bas da ƙullin atamfa a kai. Ba yadda zan kauce. Muka gaisa, ta leƙa motar, Luba ta gaishe ta. Hajiya ta dubi idonta, ta kama hannunta ta juya shi a hankali, ta sa mata albarka, ta wuce. Ita kuwa Luba tun daga sallamar ta gane muryar, don ta sha jin ta a kaset. Har muka isa gida ba ta taɓa ƙosan ba.

Alhamis ɗin da ta biyo, da aka tashi, Hajiya Kulu ta ce in dakata. Ta bari zauren ya watse.

"Malam, ɗiyar da nig gani cikin mota, taka ta?"

Na ce tawa ce.

"Tun yaushe kunka sani?"

Na gaya mata. Ta gyara bakin mayafinta.

"Ban tsai da kai don in kunyata ka ba. Kowa da abin da ad damun gidansu. Amma ka san an ba mu rana, limamai da manyan asibiti za su zauna su saurare mu. Ni mai atamfa ta. In na tashi, mai atamfa za su gani. Kai ɗan malamai na, rabinsu ga mahaihinka sunka yi karatu. In kat tashi kac ce ga shi cikin gidana, babu mai sake cewa ciwon jahilai na. Ba littahi ni ka roƙo ba, Malam. Ka zo muna a matsayin uba."

Na ce ta ba ni mako guda.

Washegari na tafi wurin Farfesan da ke duba aikina. Ba shawara na je nema ba, so nake ya hana ni, in sami abin fakewa. Na shirya maganata tsaf, cewa mai bincike bai kamata ya shiga cikin abin da yake bincike a kai ba, kada aikin ya gurɓata. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau, ya tambaye ni wa ya gaya mini haka. Ya ce babu wata ƙa'ida da ta hana, abin da ake bukata kawai in bayyana a gabatarwar kundin cewa ni ma uban mai sikila ne, kuma hakan ƙarfi zai ƙara wa aikin. Ya ƙara da cewa abin da ya fi damunsa shi ne na shekara ina karɓar sirrin mutane ban ba su nawa ba. Na fito ofishinsa ina jin haushinsa.

A ranar, da yake Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci na kai maganar gaban Yaya Buhari. Lokacin saura wata biyu bikin 'yarsa Safiya da ɗan ƙanwarmu, auren gida kamar yadda aka saba. Bai ɗaga murya ba, bai saba ba.

"Ban hana ka karatunka ba, ka rubuta abin da kaka so. Amma sunan gidanga ba naka na kai ɗai ba. In ka tashi gaban limaman garinga kac ce jininmu na da cuta, gobe ka koma ohis. Ɗiyanmu mata hwa, ina za su koma?"

Na ce to ko Safiya da yaron a bari su yi gwajin a asirce, tunda abin yana cikin zuri'a. Ya ce an riga an sa rana, kuma lafiya da ciwo na Allah ne. Ina da amsa. Na san ta cikin littattafan da shi kansa ya karantar da ni, inda aka yi umarni da neman magani da guje wa cuta. Ban faɗa ba. Na ce Allah ya sa alheri, na tashi.

A sashenmu innarku tana tsince shinkafa, ta riga ta ji komai. Ba mai yawan magana ba ce, kun sani, shi ya sa abin da ta faɗa ya zauna mini.

"Malam, in ciwon ya tashi ni ka riƙe ta. Shekara goma sha ɗaya ban samu mace guda da zan zauna da ita in hwaɗi abin da ni ka ji ba, don an ce sanyi na. Ka saurari matan mutane shekara guda. Ni ba ka taɓa aje rakoda gabana ba. Ka tahi ka yi magana."

Luba tana bakin ƙofa, ban lura da ita ba sai da ta sa baki.

"Baba, in nauyin Bappa kaka ji, ka tahi da ni. Ni in tashi. Ba sai na yi dogon bayani ba, su dube ni kawai."

Na ce mata ta bar maganar manya. Da tsawa na faɗa, abin da ban saba yi mata ba. Ta dube ni, ta koma ciki. Kaset ɗin da ke hannunta ta ƙarasa kwafe shi a ranar, ta ajiye mini a kan tebur da takardun a jere, ba ta sake neman wani ba.

Da mako ya cika na je na gaya wa Hajiya Kulu cewa jami'a ta hana, wai in na yi magana a taron za a soke aikina gaba ɗaya. Wannan ita ce ƙaryar da nake so ku sani. Babu wanda ya hana ni. Ina tsoron fuskar Yaya, ina tsoron yadda abokan aiki za su riƙa kallona, kuma a can ƙasan zuciyata na fi son kujerar da ke kusa da ƙofa, inda ake tausaya wa mutane ba a zama ɗaya daga cikinsu. Hajiya ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, Allah shi ba da sa'ar karatu."

An yi taron a ɗakin taro na wata makaranta, da safe. Na zauna a layin baya da littafina. Wani likita ya yi bayanin yadda ciwon ke bin jini daga uwa da uba. Hajiya Kulu ta tashi ta kira sunayen 'ya'yanta uku da shekarun da kowanne ya yi a duniya, ta faɗi abin da suke roƙo, ta zauna. Na ga wasu limaman sun sunkuyar da kai. Sai wani dattijon malami, almajirin mahaifinmu ne tun suna samari, mutumin kirki, ya ce shi yana da tambaya. Ya ce sun ji, kuma abin tausayi ne, amma su a gidajensu ba su san wannan ciwo ba, kuma ɗora wa mutane sabon sharaɗi a kan aure ba ƙaramin abu ba ne. Ya waiwaya yana duba jama'a, idonsa ya faɗa kaina.

"Ga ɗan Malam can, an ce shi ka binciken abin. Kai mi kag gani? Akwai shi cikin gidajen da munka sani?"

Duk ɗakin ya juyo. Na miƙe tsaye.

Na ce, "Allah shi gafarta malam, binciken bai kammala ba tukuna."

Ya gyaɗa kai, na zauna. Hajiya Kulu tana iya tona ni a wurin da kalma ɗaya. Ba ta ko dube ni ba, ƙasa take kallo. Aka ce za a kafa kwamiti, aka yi addu'a, aka watse. A cikin kundina, in kun buɗe babi na ƙarshe, za ku ga na rubuta cewa taron bai cimma matsaya ba saboda rashin goyon bayan masu faɗa a ji. Da hannuna na rubuta, kuma masu jarrabawa sun yaba wa babin.

Ban ce da na yi magana da komai ya canja a ranar ba. Wataƙila da an yi kwamitin duk da haka. Matan nan ba su tsaya jirana ba, sun ci gaba da bin ofisoshi da masallatai har aka ware musu ranar asibitin, yau kuma da wuya liman ya ɗaura aure bai tambayi takardar gwaji ba. Su suka yi wannan. Amma na san abin da shiruna ya jawo a cikin gidanmu. An yi bikin Safiya a kan lokaci. Kun san yaranta biyu, kun sha kai su asibiti da motocinku. Duk ranar da na ga ƙaramin yana tafiya yana dafa bango, nakan tuna amsar da na haɗiye a gaban Yaya.

Na karɓi digirin, aka yi walima a ƙofar gida, aka fara kirana Dakta. Luba ta ƙara shekara biyar a duniya. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, tana gaishe ni, tana kawo mini abinci, amma ta daina yi mini tambaya, ita da ba ta iya wuni ba ta yi mini goma ba. Duk Alhamis ita da innarku sukan ce za su gidan gwaggonku. Na lura ba su taɓa zaɓar wata rana ba. Ban tambaya ba, don ba na son jin amsar. Ta rasu cikin damina tana da goma sha tara, ciwon ya kama mata ƙirji, kwana biyu kawai ta yi a asibiti.

Ranar addu'ar uku mata suka yi ta shigowa, fuskokin da gidanmu bai sani ba, wasu da yara sirara masu rawayar ido. Telan nan da ɗan kabu-kabu suka zauna a tabarmar maza. Yaya Buhari ya matso ya tambaye ni su wane ne waɗannan. A gaban duk wanda ke zauren na ce iyayen masu sikila ne, sun zo ne don Luba tasu ce, sikila ce ajalinta. Wannan ne karo na farko da kalmar ta fito bakina a cikin gidan. Babu abin da ya faru. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya fasa auren kowa. Yaya ya daɗe yana jan carbi, lokacin ɗan Safiya na fari ya riga ya fara kumburin yatsu. Daga baya ya ce a ƙaro wa baƙin tabarma.

Bayan an share makoki na tafi Ƙofar Marke. Hajiya Kulu ta tsufa, tana zaune a zauren da ƙafa a miƙe. Na yi mata godiya, sannan na ce akwai abin da na zo in faɗa, jami'a ba ta taɓa hana ni magana ba.

Ta ce, "Na sani tun rannan, Malam. Wanda anka hana ba haka shi ka magana ba."

Na nemi gafararta. Ta ce ita ta daɗe da yafewa, kuma ba ita ce aka fi yi wa laifin ba. Ta ba ni labarin Luba, yadda ita ke rubuta musu wasiƙun da suke kai wa ofisoshi, yadda take zaunar da ƙananan yara ta koya musu su faɗa wa likita daidai inda ke musu ciwo, yadda ta ƙulla ƙawance da yarinyar nan mai ciwon ƙafa har ba a raba su. Shekara biyar 'yata tana da wata rayuwa a zauren da na bari, ni ban gan ta a ciki ba ko sau ɗaya. Sannan Hajiya ta sa aka miƙo mata wani babban littafi mai baƙin bango, inda suke rubuta sunan duk yaron da ya shiga ƙungiyar, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu. Ta buɗe wani shafi ta tura mini. Ga sunan Lubabatu, ga Ƙofar Taramniya, gurbin da ke tsakaninsu babu komai.

"Ban da ni, babu wanda yas san ɗiyakka ta sai ranar da munka zo gaisuwa. Na ce mata ta sa sunan uba kamar kowa. Tac ce a bar wurin haka nan, Babanta bai shirya ba tukuna, in ya shirya shi zo shi rubuta da hannunai."

Ta zaro biro daga cikin littafin ta miƙo mini. Na karɓa na rubuta sunana a gurbin, kwana arba'in da binne ta.